Hayar 'yan rawar Swange daga Binuwai: wace ƙungiya ce ta ci kuɗinta?

Masu ɗauko 'yan Swange daga Makurɗi ko Gboko domin biki ko taron al'adu suna gamuwa da ƙungiyoyi iri biyu: mai zuwa da makaɗanta, da mai miƙa wa DJ filashi ta ce ya saka. Ta farkon ta ci kuɗinta. Ta biyun ta fi araha, amma rabin Swange ka saya.

Dalilin yana jikin rawar. Swange ta ƙabilar Tibi ce, manoman doya na kwarin kogin Binuwai da na Katsina-Ala, kuma ana danganta lanƙwasarta da tafiyar ruwan kogin Binuwai da ya raba Makurɗi gida biyu. Ba rawar tsalle ba ce. Mai rawa zai sassauta gwiwa, ya ɗan rusuna, tafin ƙafa shimfiɗe a ƙasa, sai motsi ya taso daga ƙugu ya bi gadon baya har kafaɗa, maza da mata suna zagayawa a da'ira. Mai busa algaita, irin dai wadda muka sani a ƙofar fada, idonsa na kansu. In sun yi ƙasa sai ya ja sautin ya riƙe, ba zai saki ba sai sun taso, gangunan gbande kuma suna biye da shi. Kiɗan filashi ba ya jiran kowa. Shi ya sa za ka ga masu rawa suna gaggawar miƙewa kafin lanƙwasar ta kai ƙarshe.

Ga matsakaicin zaure, masu rawa 8, makaɗa 3, mai algaita da mawaƙi sun wadatar. In masu rawa suka gaza 6 da'irar ba ta cika ido. A ware musu fili kamar mita 6 tsawo da faɗi, a ba su minti 15 zuwa 20. Abin da ya wuce haka maimaici ne. Tayil mai santsi matsala ne, domin ba takalmi ake rawar ba, kuma da gumi ya zuba ƙafa za ta fara zamewa. Daɓen siminti ko kafet da aka manne gefensa ya fi.

Sai tufafi. Zanen a'nger mai ratsin baƙi da fari saƙar hannu ce, ƙyalle-ƙyalle ake saƙawa a haɗe da ɗinki. Juya bayansa: in ba ka ga layin ɗinkin ba, bugun kamfani ne, marar nauyi, kuma yakan kwance a ƙugu ana tsakiyar rawa. A nan a kula kada a yi maka ha'inci, na gaba su ɗaura na ainihi, na baya na bugu.

Yanayi ma yana da nasa. Daminar Binuwai doguwa ce, daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma laima tana sa fatar ganga ta saki, sautin ya mutu, don haka a bar makaɗa su shanya ta a rana ko su gasa ta kusa da wuta kafin a fara. In kuwa Kano ko Zariya za a kawo su lokacin hunturu, bakin algaita ne ke bushewa ya tsage, sai a tabbatar mai busa ya riƙo na canji.

Kafin ka ba da kafin alƙalami, nemi bidiyon wasansu wanda ba a yanka ba, kuma a rubuta adadin makaɗa, da wanda zai ɗauki nauyin mota da masauki.