Gargaɗi ga mutanen Maraɗi: masu tallar hutun bakin teku a Grand-Popo 'yan damfara ne

Jama'ar Maraɗi, musamman mata masu adashi da masu ƙungiyoyin WhatsApp na unguwa, don Allah ku karanta wannan har ƙarshe, ku tura wa na kusa da ku. Akwai wasu da ke yawo da talla a Facebook da WhatsApp, wai suna kai mutane hutun ƙarshen mako bakin teku a Grand-Popo, wani ƙaramin gari a Jamhuriyar Benin. Ƙarya ce tsagwaronta. Mu goma sha huɗu suka cuta, kuma ni ce na kai tallar cikin ƙungiyarmu ta adashi, shi ya sa shiru ba zai yiwu gare ni ba.

Tallar ta tsaru. Hotunan bukkoki ne masu rufin ganyen kwakwa, ga yashi fari, ga wani kwale-kwale mai shuɗin fenti a bakin ruwa, ga yara suna wanka. An rubuta cewa za a tashi daga Maraɗi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a wuni Asabar a bakin teku, a dawo daren Lahadi. Jika 65 kowane mutum, har da mota da masauki da abinci. Da na kira lambar, wata mata ce ta ɗauka, Hausarta tamu ce sak, tana ta "Hajiyata, Hajiyata". Ta ce kujeru shida suka rage amma za ta roƙi oga ya ƙara mana, in dai mun ba da kafin alƙalami na jika 30 kafin gobe da la'asar. Na tambaye ta ina ofishinsu yake, ta ce a Yamai, na Maraɗi ana cikin gyara. Ta turo sunan wani namiji, ta ce da sunansa za a aika kuɗin ta kamfanin aika kuɗi. Muka aika.

Bayan kwana huɗu ta sake kira. Wai sai an ƙara jika biyar-biyar na takardun iyaka da katin allurar shawara, kuma kowa ta turo hoton katinta na ɗan ƙasa, gaba da baya. Wata daga cikinmu ta ce ai ita ba a taɓa yi mata allurar ba. Matar ta ce ba komai, su za su fitar da katin. A nan ya kamata jikina ya yi sanyi, don katin shawara shaida ce ta cewa an yi wa mutum allura, ba takarda ce da ake saye ta waya ba. Wannan karon sunan da aka ba mu na aika kuɗi ma daban ne da na farko. Duka-duka jika 490 suka fita daga hannunmu.

Ranar Juma'ar muka hallara inda aka ce, bakin titin da ke fita Gidan Rumji, tun kafin ƙarfe uku. Kowa da jakarta. Wata ta yi dambun nama, wata ta cika kula da fura. Akwai dattijuwar da muke kira Inna, wadda ta haura shekara sittin ba ta taɓa ganin teku ba. Ta ɗinka sabuwar atamfa musamman, ta zo da jarka ƙarama wai za ta ɗebo wa jikokinta ruwan su ɗanɗana gishirinsa. Ƙarfe uku da rabi matar ta ce motar tana shan mai. Ƙarfe biyar ta ce taya ce ta fashe. Da aka kira magariba wayarta a kashe, hotonta ya ɓace daga WhatsApp, saƙona ya tsaya da alama ɗaya. Inna ba ta ce mini uffan ba. Ta ɗauki jarkarta, ta ce, "'Yata, tarar mini adaidaita." Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ƙaryar a fili take tun ranar farko, ba mu tsaya mun yi lissafin hanya ba. Kawuna tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekaru yana ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Yana ƙauye lokacin, sai bayan abin ya faru na je na same shi. Ya saurare ni, ya ɗauki tsinke, ya zana mini hanyar a ƙasa.

Ya ce, "Duba nan, ɗiyata. Daga Maraɗi sai Gidan Rumji, Madawa, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi, Dosso. Wannan kaɗai ya haura kilomita 500. Daga Dosso ki gangara Gaya, kusan 150. Ki ƙetare kogin Kwara ki shiga Malanbil. Daga nan Kandi, Paraku, Bohikon, har Kwatano, ya fi 700. Sannan ki yi yamma ki wuce Wida, daga Kwatano wata tafiyar kilomita 80 ce kafin Grand-Popo, dab da iyakar Togo. Tara mini."

Na tara, ya kusa kilomita 1,500 zuwa kawai, kusan 3,000 zuwa da dawowa. Daga bayan sallar Juma'a zuwa daren Lahadi kwana biyu ne da 'yan awoyi. Ko da motar ba za ta tsaya salla ba, ba za ta tsaya shingen jandarma ko na kwastan ba, a hanya lokacin zai ƙare. Yaushe za a sauka, balle a wuni a bakin ruwa?

Ya ƙara da maganar da kowane ɗan kasuwar Maraɗi ya sani. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, fasinja suka koma sauka daga mota, su shiga kwale-kwale da kayansu, su nemi wata motar a ɗaya gaɓar. Matar kuwa ce mana ta yi bas ɗaya za ta ɗauke mu daga Maraɗi ta sauke mu a ƙofar otel. Hatta hoton yaran nan masu wanka sai da ya girgiza kai a kansa. Ya ce tekun wannan gaɓar yana da igiya mai ƙarfi da ke jan mutum ciki, baƙon da bai san ruwa ba ba ya shiga haka kawai, balle yaro.

Garin dai yana nan, kuma ba shi da laifi. Wuri ne na masunta da itatuwan kwakwa, tsakanin teku da kogin Mono, mutane na zuwa hutu da gaske. Wanda ke son zuwa ya ware mako guda, ya sayi tikitinsa da hannunsa a tasha, ya yi allurarsa a asibiti, ya tambayi direbobi halin da iyaka take ciki kafin ya tashi. In kuma wani ya ce shi kamfanin tafiye-tafiye ne, a je ofishinsa da ƙafa, a nemi lambarsa ta biyan haraji, wato NIF, da ta rajistar kasuwanci, a karɓi takardar biya mai hatimi da sunan kamfanin. Mu ko ɗaya daga cikin waɗannan ba mu gani ba, murya kawai muka ji a waya.

Mun kai ƙara ofishin 'yan sanda. Sun karɓi takardun aika kuɗin, da lambobin wayar, da hotunan hirar da muka yi. Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet tun 2019, don haka kada wanda aka cuta ya ce ba abin kai ƙara ba ne, kuma kada kunya ta hana shi. Mun kuma shaida musu cewa hotunan katinmu na ɗan ƙasa suna hannun mutanen nan. Wannan ya fi kuɗin tayar mini da hankali, don da katin mutum ana iya yin rajistar layin waya ko a karɓi kuɗin wata damfarar da sunansa.

Shekaranjiya wata ƙawata da ke unguwar Zariya ta turo mini sabuwar talla tana tambaya ko mu je. Sunan shafin ya canza, lambar ta canza, kuɗin ya sauka zuwa jika 55, an ce tafiyar bayan Salla ce. Amma bukkokin nan ne, da kwale-kwalen nan mai shuɗin fenti. In kin riga kin biya, ko ka biya wa iyalinka, kada a goge hirar, kada a yar da takardar aika kuɗin. A kai su ofishin 'yan sanda mafi kusa a faɗa musu akwai ƙarar mata goma sha huɗu a kan wannan tallar, a haɗa da tamu.