Sauyin Agogo a Ingila da Yadda Yake Shafar Kaya da Hidimomi

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa ga iyaye da yayye da ƙanne, na ga ya dace in yi bayani a kan abin da ake yawan tambayata daga gida, wato dalilin da ya sa wani lokaci agogona na nan Manchesta yake daidai da na Kano, wani lokaci kuma ya kasance baya da awa ɗaya.

Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna gaban agogon GMT, wato lokacin unguwar Greenwich ta Landan da duniya take auna lokaci da shi, da awa ɗaya duk shekara, Gana kuma tana kan GMT ɗin kanta. Ingila ce take motsawa. A Lahadin ƙarshe ta watan Maris, da ƙarfe 1 na dare, ana ciyar da agogo gaba zuwa ƙarfe 2, sai mu zama daidai da ku. A Lahadin ƙarshe ta Oktoba kuma, da ƙarfe 2 na dare, a mayar da shi ƙarfe 1. Wani magini mai suna William Willett ne ya yi ta fafutukar wannan tsari tun 1907, ya rasu a 1915 bai ga an karɓa ba. Jamus ta fara aiwatar da shi a Afrilun 1916 domin tsimin gawayi a lokacin yaƙi, Birtaniya ta bi sahu a watan Mayu na wannan shekara. Tushen abin shi ne tsawon yini: a Landan rana tana wuce awa 16 a sama a watan Yuni, amma a Disamba ba ta cika awa 8 ba. A Kano bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa ɗaya da rabi ba, saboda haka ba mu da abin da za mu tsimta, kuma a ganina mun huta.

Ta fuskar kaya, wayar hannu da kwamfuta da akwatin talabijin suna gyara kansu cikin dare ba tare da mai su ya sani ba. Akwai kuma agogon bango da ake sayarwa a nan wanda yake karɓar saƙon rediyo daga wata tasha a Anthorn, a arewacin Ingila, ya juya hannayensa da kansa. Kada kowa ya ce in sayo masa irinsa, domin saƙon ba ya isa Afirka ta Yamma, kuma agogo mai batir na kasuwar Sabon Gari zai yi masa aiki iri ɗaya a kan kuɗi kaɗan. Waɗanda ba sa gyara kansu su ne agogon murhun girki, da na tsofaffin motoci, da na wasu na'urorin ɗumama ɗaki, shi ya sa za ka shiga gidan mutum a watan Nuwamba ka tarar da agogo uku kowanne da nasa ƙarfen.

Inda bambanci da gida ya fi fitowa fili shi ne hidimomi, domin a nan kusan kome da minti ake sayar da shi. Tikitin jirgin ƙasa yana da farashin lokacin cunkoso da na lokacin da mutane suka ragu, kuma tsakanin biyun kuɗi ne mai kauri, har mutum yakan zauna a tasha ya jira ƙarfen araha ya buga. Idan jirgi ya makara da minti 15 ko 30, gwargwadon kamfanin, fasinja yana da haƙƙin neman a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa. Wannan ba yana nufin jiragen ba sa makara ba. Suna makara, wasu ma a soke su, sai dai makarar tana da farashi a rubuce. A tashar mota ta gida kuwa, mota tana tashi ne idan ta cika, kuma ba na raina wannan tsari, domin ba a taɓa barin fasinja a ƙasa don ya makara da minti biyu ba. Jirgin ƙasan ne ma ya tilasta wa Turawa agogo ɗaya tun farko. Kafin 1840 kowane gari da lokacinsa na rana, Bristol tana bayan Landan da minti 10, kuma har yau akwai agogo a tsohuwar kasuwar garin mai hannun minti guda biyu. Sai a 1880 doka ta ɗora ƙasar a kan lokacin Greenwich, sannan taron Washington na 1884 ya mai da layin Greenwich mafarin awon duniya.

Wutar lantarki ma tana da ƙarfenta. Akwai tsarin biya da ake kira Economy 7, wanda yake ba da awa bakwai na dare a farashi mai sauƙi, sai mutane su bar wanki da cajin mota zuwa tsakar dare, amma wasu tsofaffin mitoci ba sa bin sauyin agogo, don haka awannin araha sukan gusa da awa ɗaya a lokacin zafi. Manyan kantuna kuma doka ta 1994 ta taƙaita musu ciniki ranar Lahadi zuwa awa shida, tsakanin ƙarfe 10 na safe da 6 na yamma, yawancinsu ƙarfe 4 ko 5 sun rufe. Mai shagon unguwa a gida, wanda za ka ƙwanƙwasa masa bayan isha'i ya auna maka sukari har ya bi ka bashi, ya fi su sauƙin hali nesa ba kusa ba.

Mu masu aikin dare mu ne muka fi jin sauyin a jiki. A daren Oktoba aikin awa 12 yakan zama 13, a na Maris ya zama 11, kuma biyan wannan awa ya danganta ne da abin da aka rubuta a yarjejeniyar aiki, don haka duk ɗan'uwan da zai zo ya karanta takardarsa da kyau kafin ya sa hannu. Masallatai su ma suna buga jadawalin salla wata-wata saboda tsananin motsin lokutan. A Disamba azahar da la'asar da magariba duk sukan faɗa tsakanin ƙarfe 12 da 4, cikin lokacin aiki, a Yuni kuma magariba sai ta kusa ƙarfe 10 na dare. Maroko ta samo wa kanta dabara a nan: tun 2018 tana gaban GMT da awa ɗaya, amma da zarar azumi ya gabato sai ta koma GMT, ta dawo bayan salla.

Su kansu masu tsarin sun fara gajiya da shi. Rasha ta daina juya agogo a 2011, Turkiyya a 2016, Brazil a 2019, Majalisar Tarayyar Turai ma ta kaɗa ƙuri'ar sokewa a 2019, amma ƙasashen ba su daidaita a kan lokacin da za su zauna ba, maganar ta tsaya. Masar kuwa ta dawo da shi a 2023. Amurka tana sauyawa a Lahadi ta biyu ta Maris da Lahadin farko ta Nuwamba, ban da Hawai da yawancin jihar Arizona, saboda haka masu 'yan'uwa a New York su lissafa awa shida a lokacin sanyi, biyar a lokacin zafi.

Masu gidajen kallon ƙwallo sun riga kowa sanin wannan lissafi: wasan Firimiya na ƙarfe 3 na ranar Asabar yana zuwa muku ƙarfe 3 a Agusta da Satumba, amma daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris sai ƙarfe 4. Haka mai tikitin jirgin sama ya tuna cewa lokacin tashi da na sauka kowanne agogon garinsa ne aka rubuta, don haka wanda zai je taryar baƙo a Abuja ya bi ƙarfen da ke kan tikiti kamar yadda yake, kada ya ƙara kome, kada ya rage.