Man katako mai haɗin kaki a jikin kabad ɗin motar kwana: abin da na gani

Duk wanda ya haɗa kabad da hannunsa a cikin motar da aka mayar ɗakin kwana ya san cewa wahalar ba ta ƙare a yanka da ɗauri. Sai an zo kan abin da za a shafa wa katakon ake tsayawa tunani. Ni man katako mai haɗin kaki na zaɓa, kuma bayan na zauna da shi cikin zafi da sanyi da hanya mai gargada, ina ganin ya fi banish dacewa da mota, ko da yake ba a ko'ina ba.

Haɗinsa man tsirrai ne da kaki, galibi kakin karnauba da ake samu daga ganyen wani irin kwakwa na Burazil. Kamfanin Osmo na Jamus na cikin waɗanda suka yi suna wajen yin sa, akwai wasu kuma, maganata a kan irin man ne gaba ɗaya. Man yana shiga cikin katako, kakin ya tsaya a fuska. Banish kuwa fata yake yi a sama, ranar da ya tsage ruwa ya bi ta ƙarƙashi, sai a kankare ƙyauren duka. A mota kullum wani abu yana gogar wani, kujerar ninkewa ta daki gefe, maɓallin jaka ya ja layi. Da wannan man, inda ya ƙarzu kawai nake bi da sanfefa mai laushi, in ɗiga kaɗan a tsumma in murza. Washegari sai ka nemi wurin ka rasa. Wannan kaɗai ya isa in sake sayensa.

Kabad ɗin nawa filawud ɗin icen fofla ne mai kaurin milimita 15, saboda ba shi da nauyi. Falle ɗaya mai tsawon milimita 2440 da faɗin milimita 1220 yana kusan kilo 20, alhali filawud na ice mai nauyi yakan kai wajen kilo 30. To amma fofla ice ne mai taushi, kuma man ba ya ƙara masa tauri. Ƙarfe ya faɗo masa sai ya loɓa. Wanda ke son fuska mai tauri, ba nan zai samu ba.

Wurin da man ya fi burge ni shi ne bakin filawud, inda layukan siraran katakon da aka manne ke fitowa jere. Kafin a shafa fari fat suke, da ƙyar ake bambance su. Tsumma na wucewa sai ka ga duhu da haske sun rabu ɗaya bayan ɗaya, har na fasa rufe bakunan na bar su a fili. Sai dai bakin yana shan mai sosai, yana son shafi na uku, fuskar kuwa biyu sun ishe ta. Kuma a yi shi siriri ƙwarai. In ya yi kauri ba ya bushewa da wuri, yana danƙo, ƙura ta manne. Tsakanin shafi da shafi ina barinsa ya kwana a wuri mai iska.

Na shafe kowane falle ciki da waje kafin in ɗaura, domin numfashin mai barci da tururin girki suna taruwa a jikin ƙarfen mota, kuma bayan kabad ne ke fara shan laimar. Inda gam zai kama kawai na rufe da tef, don gam ba ya riƙe katakon da ya sha mai.

Abin da ban so ba guda biyu ne. Yana juya farin katako ya yi ɗan rawaya, a gwada a guntu tukuna. Sannan a gefen wurin wanke-wanke, in ruwa ya kwana a kai yakan bar tabo, can ɗin da banish ko falle mai leda zai fi.

Tsumman da aka yi aiki da shi kada a dunƙule shi a jefa a kwando, balle a bar shi cikin mota. Man yana fitar da zafi yayin bushewa, tsumma a dunƙule yana iya kama wuta da kansa. A jiƙa shi da ruwa, ko a baza shi a waje har ya bushe ƙayau.