Mashin ɗina ya faɗi ya ƙi tashi, ga yadda muka yi da wani dattijon bakanike a Jekadafari

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce bayan ruwan nan da aka yi da la'asar na taso daga Pantami zan shiga babbar kasuwa, duk wanda ya san Gombe ya san yadda yashi yake kwararowa ya kwanta a kan kwalta in an yi ruwa, toh a irin wannan yashin ne wani mai Keke Napep ya yanko min, na taka birki tayar gaba ta zame, sai ga ni a ƙasa ni da Boxer ɗina. Alhamdulillah ƙujewa ce kawai a gwiwa da tafin hannu. Amma mashin ɗin ya daɗe a kwance don mutane kaina suka yo ana ta sannu sannu, ya kai minti biyar kafin wani bawan Allah ya ɗaga shi, kuma makunnin mai a buɗe yake, warin fetur ko ina.

Na buga kik shiru. Na ja cok na ci gaba da bugawa wlh ya fi sau talatin, sai ya yi kamar zai kama ya mutu.

Na tura shi wani gareji da ke bakin hanya, yaron ko fulogi bai kwance ba, kik biyu ya buga ya ce Oga si-di-ai ɗinka ne ya ƙone har da kwayil (wato kayan da ke ba fulogi wuta), kawo kuɗi a siyo. Abin ya min ciwo gaskiya, mashin da yake lafiya lau minti goma da suka wuce, ba ka taɓa komai ba ka yanke hukunci. Na ce masa na gode na ja abina. Wani ɗan acaba ne ya ga ina turawa ina gumi ya ce in kai wa wani dattijo a Jekadafari, shi ma ya sa ƙafa ya turo ni har wajen, Allah ya saka masa da alheri.

Na ce Baba sannu da aiki, na faɗa masa faɗuwa na yi, ya ce yauwa ɗana, ya daɗe a kwance ne? Ka ja cok? Da na ce eh sai ya ce ai ya sha mai, kai kuma ka ƙara masa. Bayanin da ya min shi ne ya sa nake wannan rubutun, don shekara huɗu ina hawa mashin ban taɓa sani ba. A cikin kabireta akwai wani ɗan abu da yake yawo a saman mai, in mai ya cika sai ya taso ya tura allura ta toshe hanya, toh in mashin ya kwanta a gefe abin nan ba ya iya toshewa, sai fetur ya yi ta zuba ya shiga inji ya jiƙa fulogi, har soson iska ma ya sha. Shi kuma cok rage iska yake yi ya ƙara mai, kenan duk bugun da na yi ta yi ƙara shaƙe shi nake.

Ya rufe mai, ya kwance fulogi, ga shi nan baƙi jagab. Ya sa yaronsa ya buga kik kamar sau goma ba fulogi a ciki don man da ya taru ya fita. Ya goge fulogin ya maida shi cikin hularsa ya ɗora a jikin inji aka buga, wuta tana zuwa amma ja-ja ba ƙarfi, wani bugun ma ba ta zuwa. Nan ya duba ya ga hular ta tsage wajen faɗuwar. Da aka sa sabuwa sai ga wuta shuɗiya tas tas, ya ce ka gani si-di-ai ɗinka lafiyarsa ƙalau. Ya kwance 'yar ƙusar da ke ƙasan kabireta ya tsiyaye man a marfin roba ya nuna min datti da tsatsa da suka taso daga gindin tanki, ya matse soson iska ya shanya. Har sandar baƙin mai sai da ya zaro ya shinshina, ya ce akwai ɗan warin fetur, kar in yi tafiya mai nisa ban canja ba don fetur yana tsinka baƙin mai, na ce a canja yanzu kawai.

Kik biyu ya tashi. Ya yi hayaƙi na ɗan lokaci sannan ya washe.

Kuɗin aikinsa bai kai rabin abin da wancan yaron ya nema na kaya kaɗai ba, kuma tsohuwar hular ma sai da ya miƙo min ya ce in gani da idona. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda ake ji, mutum yana lissafin lita ɗaya sannan a ce ya sayi kayan da bai lalace ba, ai zalunci ne.

Inda zan yi ƙorafi shi ne jira. Mashin uku na tarar a gabana kuma ba ya tsallake layi, aka kira magariba ya ajiye sifana muka tafi masallaci, sai wajen isha na bar wurin da fitilar waya aka ƙarasa. Ga rumfar ƙarama ce benci ɗaya, in ruwa ya sauko babu wajen fakewa. Yaronsa kuma ya manta bai ɗaure murfin gefe da kyau ba sai a gida na ji yana kaɗawa na ɗaure da kaina. Wanda yake sauri zai ji haushi, amma ni dai na samu bakanike in sha Allah.

Yau kwana shida kenan bugu ɗaya yake tashi ko da asuba. Saura sitiyarin da ya ɗan karkace hagu da madubi ɗaya da ya fashe, ya ce in kawo masa ranar Asabar da safe kafin mutane su taru.