Sharhi: Karɓar Kare Daga Gidan Ceton Karnuka a Ingila

A Ingila, idan aka tsinci kare yana gararamba a titi, ƙaramar hukuma ce ke riƙe shi kwana 7. Mai shi bai zo ba, sai a miƙa shi ga gidan ceto domin a nema masa sabon ubangida. Sana'ar ta daɗe: gidan Battersea da ke Landan tun 1860 Mary Tealby ta kafa shi, ƙungiyar ceton karnuka ta Dogs Trust kuma ta samo asali a 1891. Wannan sharhi a kan tsarin karɓar kare ne daga irin waɗannan gidaje, abin da mutum yake samu da kuɗinsa da kuma inda ake tuntuɓe.

Ɓangaren lafiya ba shi da makusa. Kafin kare ya bar gidan, likitan dabbobi ya duba shi, an yi masa allurar riga-kafi, an ba shi maganin tsutsar ciki da na ƙuma, galibi kuma an dandaƙe shi, in karya ce an cire mahaifa. An kuma dasa masa 'yar na'urar da ke ɗauke da lambar gane shi, mai girman ƙwayar shinkafa, a ƙarƙashin fatar doron wuya, wadda doka ta wajabta tun Afrilun 2016, tarar rashinta tana iya kaiwa fam 500. Kuɗin karɓa yakan kai fam 200 ko fiye, amma wanda ya san tsadar asibitin dabbobi a ƙasar ya san an yi masa rangwame.

Rayuwar cikin gidan ita ce abin da ya kamata mai nema ya fahimta tun farko. Da sassafe ake fitar da karnuka fili, a kwashe kashi, a wanke ɗakuna da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a bari su bushe, a canza shimfiɗa. Abinci sau biyu, safe da yamma, da awo. Tsakani kuma 'yan sa-kai ne ke jan su yawo ɗaya bayan ɗaya. Sauran lokacin kare yana bayan ƙarfe, haushin 'yan uwansa na dukan bango yana dawowa. Shi ya sa karen da ka gani a ɗaki ba shi ne wanda za ka kai gida ba. Wanda ke tsalle yana cizon raga, sau da yawa gajiya da hayaniya ce ta ishe shi, ya shiga gida ya zama lafiyayye. Wanda kuwa ya lafe a lungu ka ce salihi ne, tsoro ne ya daskarar da shi, sai bayan mako biyu ko uku halinsa na gaskiya zai fito. A nan takardar bayanin hali da ma'aikata ke rubutawa take da rauni: abin da suka gani a wurinsu suke faɗa, ba su san yadda zai yi da ƙarar injin shara ko baƙo a bakin ƙofa ba.

Tambayoyin da ake yi suna da yawa har wani ya ji haushi. Awa nawa kare zai zauna shi kaɗai (fiye da 4 ba sa so), akwai yara ƙanana, mai gidan haya ya amince, katangar bayan gida tsawonta nawa. Ga babban kare sukan nemi ƙafa 6. Bahaushen da ya saba kare na gadi ne ko farauta, kwanansa a tsakar gida, gara ya sani tun wuri cewa yawancinsu ba sa bayar da kare ga wanda zai ɗaure shi a waje. Kuma tun ƙarshen 2023 doka ta hana sauya wa jinsin XL Bully gida, kada ma a tambaya.

Matsala biyu ne ake yawan gamuwa da su a makon farko. Na ɗaya zawo, kuma sau da yawa laifin mai karɓa ne: an canza abinci kwatsam. A karɓo irin wanda yake ci a can, a riƙa gauraya sabon kaɗan-kaɗan tsawon kwana 7. Na biyu busasshen tari mai kama da ƙashi ya maƙale a maƙogwaro. Yana yaɗuwa duk inda karnuka suka cunkushe, yana iya ɓoyewa har kwana 14, saboda haka kare zai baro gidan lafiya lau ya fara tari a falonka. Yakan wuce cikin mako uku, amma in ya daina cin abinci ko numfashi ya yi nauyi, a kai shi asibiti, kuma a raba shi da karnukan maƙwabta.

Abin da ya fi samun maki a wurina shi ne sharaɗin da ke cikin takardar yarjejeniya: in zama ya gagara, kare gidan ceton zai koma, ba a sayar ba a kyautar. A karanta wannan sashe da kyau kafin a sa hannu, domin kuɗin karɓa ba kasafai ake mayarwa ba.