Keken ɗinki ko babbar waya? Ki saya wa Mama keke

Keken za ki saya, 'yar'uwa. Tunda tsakanin keken ɗinki da babbar waya kike kai-kawo, kuma kin ce Mama ta taɓa riƙe almakashi da ƙuruciyarta, ni ban ga abin dogon nazari ba. Na ƙafa, baƙin nan mai kan ƙarfe, ba fararen roba masu ado kala-kala da ke ɗaukar ido ba.

Irinsa muka haɗa hannu muka saya wa Ummanmu lokacin da autanmu ya bar gida, hidimar yara ta ragu, wuni ya yi mata tsawo. Ranar da aka kawo shi ba ta nuna wani ɗoki ba. "Allah ya yi muku albarka" kawai ta ce, ta sa aka ajiye shi gindin taga, ta lulluɓe shi da tsohon zani. Ya daɗe a haka har muka fara kallon juna. Sai ranar da zif ɗin wandon makarantar ɗan maƙwabciyarta ya lalace, ta yaye zanin, ta ɗiga mai, ta canza masa. Uwar yaron ta miƙo kuɗi, Umma ta ce haba, ai ba komai. Matar ta ajiye a kan teburin keken ta yi tafiyarta. Kuɗin nan cikin ɗan aljihun teburin da ake zuba allurai Umma ta sa shi, kuma har yau nan ne asusunta. Daga faci da kalmasa ta koma zanen gado, rigar matashi da labule, yanzu akwai ƙaramin littafi da take rubuta awo da sunan mai bin ta da wanda take bi. Abin da ya fi faranta min rai shi ne wata magana da ta ɓace daga bakinta. Da, komai ƙanƙantar abin da take son yi sai ta ce "bari yayanku ya turo." Na manta rabon da in ji wannan. Ni kaina da na kai mata riga ta rage min, ta faɗa min kuɗin aikinta fuska ba wasa, na buɗe jaka na biya.

Waya kuwa ƙanina ya sayo mata wata. Tana ganin jikoki a ciki, ba laifi. Amma ita waya kullum cikin karɓa take: data, caji, gilashi ya tsage, caja ta mutu. Batirinta bayan an caja shi kamar sau 500 ya fara ragwanci ke nan, wata rana kuma kamfani ya daina turo mata sabuntawa. Ko WhatsApp a 2023 ya daina aiki a wayoyin da Android ɗinsu bai kai na 5 ba, masu su ba don sun fashe ba suka ajiye. Idan Mama tana da sana'a a hannu tana neman hanyar tallata ta, to waya za ta yi rana. Ba tare da sana'a ba, abin hira ne kika saya.

Dalilin da na nace a kan baƙin keke ba son tsohon yayi ba ne. Kusan dukkansu, har Butterfly da ake ƙerawa a Shanghai ta ƙasar Sin, kwaikwayon samfurin Singer ne da ake kira 15, wanda ya fito tun ƙarshen ƙarni na 19. Shi ya sa ƙoshiya, ƙwarƙwaro, allura da bel na wannan suke shiga wancan, kuma duk mai gyaran keke ya san cikinsa ido rufe. Ba ya jiran wuta, abincinsa mai ne da share ƙurar zare a ƙarƙashin haƙorin da ke jan yadi. Ɗinki miƙaƙƙe kaɗai yake yi, amma gyare-gyare da kayan ɗaki ba su buƙatar fiye da haka. Kar kuma wani ya zuga ki ki ɗauko babban na masana'anta. Irinsu Juki DDL-8700 yana iya buga ɗinki 5,500 a minti ɗaya, wanda ya daɗe bai taka keke ba tsoro zai ba shi kawai. In gwiwa tana damun Mama, akwai ɗan injin lantarki da ake ɗaura wa baƙin keken a bayansa, ta riƙa dannawa da ƙafa maimakon takawa, ranar da babu wuta a mayar da bel.

Ga abin da yawancin mutane ke mantawa da shi: ido. Daga shekara 40 zuwa sama idon kowa yakan fara gaza ganin abu na kusa, kuma iyayenmu ba sa faɗa. Sai ki ga an yi ta kokawa da kafar allura, a gaji, a rufe keke a ce ɗinkin ne ba a so. Ki kai ta a auna idonta a yi mata tabarau kafin ma keken ya iso. Ba ƙaramin abu ba ne. A wani bincike da aka fitar a 2018 kan masu tsinkar ganyen shayi a Assam ta Indiya, tabaran gani kusa kaɗai ya ƙara yawan aikinsu da kusan kashi 22 cikin ɗari, a waɗanda suka haura shekara 50 ma ya zarce haka. Ki haɗa mata da ƙaramar fitila mai caji, almakashi mai kyau, da allura lamba 14, 16 da 18, ta 14 don yadi mara kauri, ta 18 don mai tauri irin na jins. In kuɗinki ya yi saura, ki biya wata tela ta riƙa zuwa tana tuna mata yanka. Takawa ba a mantawa, yanka ne ke gudu daga hannu.

Sai ki ja kunnen 'yan'uwanki tun yanzu. Kar a mayar da ita telar dangi ta kyauta, kowa ya kwaso tsummansa ya jibge mata. Wanda ya kawo aiki ya biya, kuɗin kuma nata ne, ba na cefane ba sai in ita ta ga dama.

Ba ki tambaya ba, amma dole in faɗa miki, masu sayar da keke akwai 'yan damfara a cikinsu. Sukan ɗauko tsohon kai da ya gama cinyewa, su fesa baƙin fenti, su liƙa tambarin zinare, su zuba man girisi mai kauri don ya ɓoye ƙara, su ce sabo dal ne. Wasu kuma jabu ne tun daga kwali, sunan kamfanin ma in kin lura an sauya harafi ɗaya. Araha ba ta ado. Kar ki je ke kaɗai, ki tafi da tela ko mai gyara wanda ba abokin mai shagon ba. A kwantar da kan a duba ƙarƙashinsa, in akwai tsatsa ko fenti ya hau kan sukurori, ki ajiye. Ki juya gargaren da hannu, ya kamata ya tafi sumul ba cijewa, sandar allura kuma kar ta yi lilo. Ki tafi da ƙyalle biyu, mara kauri da guntun jins da za a ninka huɗu, a ɗinka a gabanki, ki juya bayan ki duba. In ɗinkin yana tsallake, ko zare yana cukurkuɗewa a ƙasa, mai shagon zai ce "saiti ne kawai, Hajiya." To ya saita a nan take ki gani. Kuma wanda aka gwada shi za a ɗaure miki, kar ki yarda a ce bari a ɗauko "sabo na cikin kwali" daga sito, nan ake musanyar. A rubuta samfurin da lambar da ke jikinsa a rasit, tare da sharaɗin mayarwa in ya ba da matsala, rasit ɗin kuma da sunan Mama za a rubuta shi, ba naki ba.