Zuba BCG don dajin mafitsara a wani asibitin kuɗi a Abuja

Sun iya aikin. Ba sa zuba BCG sai an yi aƙalla mako 2 da kankare ƙarin dajin daga mafitsara, kuma kowane zuwa sai an gwada fitsari: da jini ko ƙwayar cuta, a ɗage. Daidai ke nan, don BCG raunanniyar ƙwaya ce mai rai, dangin ta tarin fuka. Tsokano garkuwar jiki take yi ta far wa dajin, amma in ta faɗa jini, akwai matsala. Mai raunin garkuwa ma ba a ba shi.

Ta robar fitsari ake zubawa, mako-mako har sau 6, a riƙe a mafitsara awa 2.

Bayanin abin da za a yi a gida bayan zubawa ne suka yi wa riƙon sakainar kashi: ba sa cewa a yi fitsari a zaune, a zuba Hypo a masai, a jira minti 15. Maganin kuma yakan yanke, ku kira kafin ku taso.